Bayan Ɗinkin Sallah: Lissafin Barcina na Mako Shida

Talata, 15 ga Afrilu, 2025

Na buɗe wannan lissafi a shafukan ƙarshe na littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki, domin shi ne littafin da ba ya barin hannuna, kuma domin ɗan yayata, wanda ke karatun likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya ce ba zai ba ni shawara ba sai ya ga abin da ke faruwa a rubuce. Abin da ke faruwa shi ne, tun da aka yi Ƙaramar Sallah, yau sama da mako biyu ke nan, ban samu dare ɗaya da na yi barcin kirki ba.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe keken ɗinki a Maraɗi. A goman ƙarshe na azumi, ni da yaran shagona biyu kwana zaune muka riƙa yi, daga bayan asham har sahur, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi ba, idan kuma ido ya fara nauyi sai a kaɗa Nescafé. Barcinmu ya koma tsakanin asuba da hantsi. Haka nake yi kowace shekara, kuma kwana uku ko huɗu bayan Sallah jiki yakan koma yadda yake. Bana bai koma ba. Akwai bashin shaddar da na ɗauko a babbar kasuwa wanda ban gama biya ba, akwai kaya goma sha ɗaya da ke rataye a shago masu su ba su zo karɓa ba, ga kuma zafin bazara da ya sauka da ƙarfinsa, rana tana haura digiri 40, bangon ɗaki yana riƙe da zafi har tsakar dare.

Nakan kwanta da ƙarfe tara da rabi a tsakar gida, cikin gidan sauro. Sai in ji komai: ƙarar babur ɗin ƴan kabo-kabo na ƙarshe, haushin karnuka daga wajen gulbi, tarin tsohon da ke maƙwabtaka da mu. In ɗauko waya in duba lokaci, in ce idan na yi barci yanzu ina da awa biyar. In sake dubawa, saura huɗu. In sake, saura uku, ƙirjina kuma yana bugawa kamar na yi gudu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a ƴan kwanakin nan ba bashin nake tunani ba, barcin kansa nake tunani, kuma fargabar takan fara ne tun daga kiran sallar magariba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Akwai abin da na ɓoye shekaranjiya, kuma lissafin da aka yi wa ƙarya ba shi da amfani. A makon jiya na sayi ƙwayar diyazefam a hannun wani mai tallan magani a bakin titi, na sha dare biyu. Na yi barci, amma na tashi da kai kamar an ɗora mini buhun gero, sallar asuba ta wuce ni a jam'i, kuma a dare na uku da ban sha ba idona bai rufu ba sam.

Da na gaya wa ɗan yayata a waya, ya yi shiru tukuna, sannan ya ce: “Kawu, Allah Ya kiyaye gaba, amma kada ka ƙara.” Ya bayyana mini cewa irin wannan magani jiki yakan saba da shi da wuri, har mutum ya buƙaci ƙari, kuma idan aka daina rashin barcin yakan dawo da ƙarfin da ya fi na farko, wanda shi ne abin da na gani a dare na uku. Ko likitoci, in ji shi, ba sa rubuta shi don barci sai na ɗan gajeren lokaci, ballantana wanda ya kwana cikin rana a kan faranti ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Na zubar da sauran.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yau ya zo gida bayan la'asar, muka zauna a zaure ya duba dare biyar da na rubuta. Ya haɗa lissafi ya nuna mini cewa nakan yi awa bakwai da rabi a kan shimfiɗa, daga tara da rabi zuwa biyar, amma abin da nake samu na barci bai wuce awa huɗu da rabi ba. Wato kashi 60 cikin ɗari na lokacin kwanciyata ne barci, sauran awa uku juyi ne da saƙa da warwara. Ya ce masu wannan fanni suna neman adadin ya kai kashi 85.

Ya ba ni bayanin wani masani ɗan Amurka, Arthur Spielman, wanda a shekarun 1980 ya raba sabubban rashin barci gida uku: abin da mutum yake da shi a ɗabi'arsa, abin da ya tayar da matsalar, da abin da ke riƙe ta bayan mai tayarwar ya wuce. Ban sha wahalar gane kaina a ciki ba. Ni dama mai yawan zullumi ne tun ina yaro. Ɗinkin Sallah da bashi su suka tayar. Amma Sallah ta wuce, kuma abubuwan da ke riƙe da matsalar duk ni na ƙirƙiro su da hannuna da niyyar gyara: kwanciya da wuri don in rama, komawa shimfiɗa bayan asuba, barcin rana mai tsawo a bayan shago, ƙarin shayi don in iya aiki, da duba waya. Ya ce jiki yana tara buƙatar barci ne muddin mutum yana ido biyu, ta hanyar wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, don haka duk barcin da na tsakura da rana, daga cikin rabon dare na ciro shi. Wannan ya yi mini kama da mai ciye-ciye tun hantsi sannan ya yi mamakin rashin jin yunwar tuwon dare.

Ƙa'idojin da ya ba ni, ya ce asalin mafi yawansu daga wani masanin halayyar ɗan Adam ne, Richard Bootzin, tun 1972. In tashi ƙarfe biyar kowace rana, ko yaya daren ya kasance, kuma kada in koma bayan sallah. Kada in hau shimfiɗa sai barci ya fara fizgata da gaske, kuma ba kafin sha ɗaya da rabi ba. Idan na kwanta aka ɗauki kamar minti ashirin bai zo ba, in tashi in bar wurin, sai ya dawo in koma. Dalilin, in ji shi, shi ne ƙwaƙwalwa takan haɗa wuri da abin da ta saba samu a wurin, kuma tawa ta riga ta haɗa shimfiɗa da fargaba. Na ce masa awa biyar da rabi ta yi kaɗan ga magidanci mai aiki da allura. Ya ce: “Kawu, ai huɗu da rabi kake samu yanzu.” Ya kuma tambaye ni ko ina da farfaɗiya ko wata lalurar ƙwaƙwalwa, domin masu su ba a rage musu lokacin kwanciya sai da kulawar likita, ya kuma hana ni doguwar tafiya a babur a wannan mako.

Talata, 22 ga Afrilu

Na daina shayi da goro daga bayan azahar, Nescafé kuma na bar shi gaba ɗaya. An ce mini kafeyin da ke cikinsu yana toshe aikin adenosin ɗin nan, kuma jiki yakan ɗauki awa biyar zuwa shida kafin ya fitar da rabinsa, saboda haka kofin da na sha a fada bayan magariba rabinsa yana nan a jinina da tsakar dare. Kaina yana ciwo tun jiya. A fada an yi mini ba'a cewa na tsufa, da aka miƙo mini na farko na miƙa wa na kusa da ni.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Wannan makon ya fi na baya wuya, kuma ina so in rubuta shi yadda yake. Tsayuwa ido biyu har sha ɗaya da rabi ta zame mini aiki, domin da ƙarfe tara, ina zaune a kan kujera, gyangyaɗi yakan kama ni har kaina ya faɗi, amma da zarar na shiga gidan sauro sai idona ya bushe tas. Da wannan ya faru a daren Laraba na yarda da maganar ɗan yayata, domin da jikina ne ya lalace da bai yi gyangyaɗi a kujera ba.

Daren jiya sau uku na tashi. Nakan ɗauki tabarma in koma bakin zaure inda iska ke ɗan ratsawa, in bar wayar a ɗaki, in kunna ƙaramar fitila in juya ta bango don kada haskenta ya dake ni a ido, tunda haske yana rage melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Aikin da na samar wa kaina shi ne warware zaren da ya cukurkuɗe cikin wata tsohuwar leda da na kwaso daga shago, ina naɗe shi a kan guntun kwali, launi-launi. Aiki ne da ba ya buƙatar tunani kuma ba wanda ke jiransa. A tashi na biyu maiɗakina ta fito da kofin ruwan randa, ta tsaya tana kallona da zare a hannu da ƙarfe biyun dare, ta ce: “Maigida, lafiya dai ko?” Na ce lafiya lau, magani nake sha. Ta ajiye kofin ta koma, ban tabbata ta gamsu ba.

Addu'o'in kwanciya ban bar su ba, amma na lura da wani abu da ya ba ni kunya. A makonnin baya na mayar da su kamar ƙwaya: in karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, in tofa a tafin hannu in shafa, sannan in kasa kunne in ji ko sun yi aiki, in ba su yi ba in sake daga farko da gaggawa. Yanzu nakan karanta sau ɗaya a natse, in bar sauran ga Mai shi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na je asibiti da safe, duk da yau ranar kasuwa ce, domin bugun ƙirjin ya ci gaba da damuna. An gwada jinina ba a samu hawan jini ba. Likitan ya tambaye ni ko ina minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa tsayawa, ko ina yawan tashi fitsari, ko akwai ciwon da ke tayar da ni, ko kuma na daina jin daɗin abubuwan da na saba jin daɗinsu, domin kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa magani daban. Babu ko ɗaya. Ya ce rashin barcin da bai kai wata uku ba na ɗan lokaci ne, kuma mafi yawa yakan wuce. Wanda ake kira mai naci shi ne wanda ke zuwa aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku ko fiye, yana kuma taɓa aikin mutum da rana. Nawa bai cika wata ɗaya da rabi ba ko an haɗa da goman azumi. Ya duba littafin awona, ya yi murmushi da ya ga awon wuyan wani a shafin da ke kallon lissafin, ya ce in ci gaba da abin da nake yi, in dawo idan ƙarshen watan Mayu ya zo ba sauyi. Bai rubuta mini komai ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na yi ɓarna ranar Laraba. Wajen yanka hannun riga na ɗauki awon wani na sa wa shaddar wani, na rage yatsa huɗu, kuma shadda ba ta da gyara idan almakashi ya wuce. Dole na sayi wata da kuɗina. A daren nan ban samu ko awa uku ba, kuma tunanin da ya riƙe ni shi ne cewa rashin barci zai kashe mini sana'a, masu kaya za su gudu, bashi zai hau kaina.

Jiya bayan isha na yi abin da aka ba ni shawara tun farko na raina shi. Na raba shafi biyu, a dama na rubuta abin da ke damuna, a hagu na rubuta abu ɗaya da zan yi a kai da safe. Bashin shadda: in je wurin mai shagon in nemi ya raba mini biyan gida uku. Kayan da ba a karɓa ba: in sa yaro ya kira masu su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan maganar ɓarnar sai na buɗe shafukan baya na littafin, na tarar a bara, lokacin da nake barci kamar jariri, na lalata yadi sau biyu. Ban ce rashin barci bai da hannu a ta Laraba ba, amma tela da bai taɓa yanka ba daidai ba bai daɗe a sana'ar ba. Da tunanin ya dawo cikin dare na ce masa an riga an rubuta shi, yana da lokacinsa da safe. Ya dawo sau da yawa, amma ba da irin ƙarfin da ya saba ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Mai shagon shadda ya yarda da biya uku ba tare da wani ja-in-ja ba, kuma an karɓi kaya shida daga cikin goma sha ɗayan.

Abin da nake so in tsaya a kai yau shi ne gardamar da muka yi da maiɗakina jiya da safe. Na ce mata daren Litinin ban runtsa ba daga ƙarfe ɗaya har uku. Ta ce ita kuwa ta tashi ba wa ƙaramin yaron ruwa a daidai wannan lokaci, ta same ni ina minshari baki buɗe, har ta gyara mini gefen gidan sauron ban motsa ba. Na yi niyyar musu, sai na tuna ɗan yayata ya faɗa mini cewa masu fama da rashin barci sukan ƙiyasta barcinsu ƙasa da yadda yake, domin barci mara nauyi yakan yi kama da farke, kuma mutum ba ya shaida lokacin da aka ɗauke shi. Ya kuma ce barcin kowa zagaye-zagaye yake yi, kowanne kamar minti 90, kuma ɗan farkawa tsakaninsu abu ne da kowa ke yi, sai dai mai lafiyar barci yakan juya ya manta, ni kuwa nakan farka in buɗe shari'a.

Tun muna yara muke jin ana cewa barci ɓarawo ne, kuma kullum na ɗauki maganar a kan mai gadi ko ɗalibin da barci ya sace ba da sonsa ba. Ban taɓa juya ta ta ɗaya fuskar ba sai yanzu. Wata guda na yi ina zaune a bakin ƙofa da fitila da agogo ina jiran ɓarawo, ina mamakin da bai shigo ba. Daga daren jiya wayar tana kwana a cikin aljihun rigar da ke rataye a ɗaki, kiran asalatu na masallacin unguwa ya ishe ni agogo. Lissafin safe ma ƙiyasi nake yi, ba na neman ya zama daidai da minti.

Litinin, 12 ga Mayu

A dare bakwai da suka wuce, biyar na samu kamar awa biyar daga cikin biyar da rabin da nake kwance, wanda ya haura kashi 85 ɗin. An ba ni izinin ƙara minti goma sha biyar, don haka yanzu sha ɗaya da kwata nake kwanciya. Ciwon kai ya daina tun makon farko. Bayan sallar asuba nakan taka da ƙafa zuwa shago maimakon hawa babur, domin hasken safiya yana taimaka wa jiki ya daidaita agogonsa, kuma a wannan zafi shi ne kaɗai lokacin da tafiya ke da daɗi. Da dare nakan watsa ruwa kamar awa ɗaya kafin kwanciya in kuma yayyafa wa ƙasan tsakar gida, tunda jiki yana buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya kama shi.

Mun yi saɓani da ɗan yayata a kan ƙailula. Shi yana ganin a bar ta gaba ɗaya sai komai ya daidaita. Ni kuma ina ganin wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai zauna a shagon kwano a Maraɗi da ƙarfe biyun rana cikin watan Mayu ba, ga shi an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Mun tsaya a kan minti ashirin bayan azahar, a zaune a kujera, yaron shago ya tashe ni, kuma ba a yi bayan la'asar.

Litinin, 19 ga Mayu

Daren Asabar hadari ya taso da iska da ƙura wajen ƙarfe ɗaya, muka kwashe shimfiɗu da yara muka shige ɗaki a guje, ruwan kuma bai sauka ba sai ɗan yayyafi da ya ƙara wa garin turiri. A ɗaki ban koma barci ba sai kusa da huɗu. Na rubuta wannan dare ne saboda abin da bai faru ba a cikinsa: ƙirjina bai buga ba, ban yi lissafin awoyi ba. Na fita zaure na naɗe zare, na ji haushin zafin kamar kowa, na tashi ƙarfe biyar, na yi aikin Lahadi da ɗan nauyin ido. Daren Lahadi barci ya kwashe ni kafin in gama addu'a, ban farka ba sai da ladan ya yi kira.

Litinin, 26 ga Mayu

Yanzu sha ɗaya saura kwata nake kwanciya, ina samun kusan awa shida, wani daren ƙasa da haka. An ce babba yana buƙatar bakwai ko fiye, saboda haka da saura, kuma zan ci gaba da ƙara kwata-kwata duk mako idan lissafi ya ba da dama. A makon nan dare ɗaya ne kawai na fita zaure. Ledar zaren ta kusa ƙarewa.

Babbar Sallah saura ƙasa da mako biyu, kuma tun ranar Juma'a ake shigo da yadi. Na zauna da yaran na ƙidaya abin da keke uku za su iya gamawa idan muka buɗe bayan asuba muka rufe ƙarfe goma na dare, na ja layi a littafin a daidai wannan adadi. Jiya na mayar da mutum huɗu, cikinsu har da wani dattijo da na yi wa ɗinki shekara da shekaru, wanda ya ce: “Malam, yau ni za ka mayar?” Na ba shi haƙuri, na haɗa shi da wani abokin sana'a a Sabon Gari wanda na yarda da hannunsa. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, kuma kuɗin da zan rasa zai kai na biya ɗaya cikin uku na bashin shadda. Yaran sun nemi a bar musu butar shayinsu ta dare, na ce su sha abinsu, ni a dafa mini citta da na'ana'a a wata buta daban. Ranar Alhamis zan koma asibiti da littafin in nuna wa likitan, duk da an samu sauyi.